Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Jihar Jigawa Kan Jiragen Fito Na Kogin Haɗeja

Mai Girma Gwamna, Malam Umar Namadi,

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya yi maka jagora a kan nauyin da Ya ɗora maka. Ina kuma miƙa gaisuwar ban girma ga iyayenmu, Masu Martaba Sarakunan Haɗeja da Ringim da Dutse, waɗanda kogin nan ya ratsa ƙasashensu. Allah Ya ƙara musu lafiya da nisan kwana.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke bakin kogin Haɗeja, kuma ɗan masunta gaba da baya. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana kwalekwale guda ɗaya, ni da ƙannena biyu, kuma har yau jirgin yana fito da mutane duk damina. Don haka ina wannan rubutu ne da baki biyu, bakin fasinja da bakin mai jirgi. Ina magana a madadin manoman da gonakinsu ke tsallaken ruwa, da matan Fulani masu kai nono kasuwa, da ɗaliban da ke hayewa safe da yamma, da masu jinyar da ba su da wata hanyar zuwa asibiti daga watan Yuli zuwa Oktoba sai ta cikin jirgi. Daga Ringim da Taura, zuwa Jahun da Miga da Auyo da Kafin Hausa, har Kirikasamma da Guri, jirgi ɗaya ne ya ɗauko mu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani abu da na gani da idona a daminar bara, ranar kasuwa. Na shiga wani jirgi da ba namu ba. An loda mutane, an loda buhunan hatsi, an ɗora babur a tsakiya, ga awaki biyu a ɗaure. Na sa hannuna a gefen jirgin na auna: yatsu huɗu ne tsakanin bakin katako da ruwa. Wani yaro na tsugune yana kwarfe ruwan da ke tsattsafowa da yankakken galan. Mun kai tsakiyar kogi sai akuya ɗaya ta zabura, mutane suka karkata gefe guda, wata yarinya da ba ta wuce shekara goma ba, wadda aka zaunar a kan buhu, ta zame ta faɗa. Ba ta yi ihu ba. Hijabinta kawai muka gani ya baje a kan ruwa. Matuƙin ya miƙa filafili bai kai ba. Aka nemi igiya, babu, sai wadda aka ɗaure awakin da ita. Allah Ya sa akwai wata baiwar Allah mai sayar da man gyaɗa, tana riƙe da jarkarta babu komai a ciki, murfin a ɗaure. Ita ce ta wurga jarkar. Yarinyar ta rungume ta, ruwa ya ja su har cikin ciyawar kachala, wani masunci da ke duba komarsa ya tsamo ta. Ta rayu. Amma tun daga ranar nake tambayar kaina: da matar nan ta sayar da man tare da jarkar fa?

Ranka ya daɗe, kukanmu na farko ke nan. Jiragen da ke ɗaukar rayukan talakawanka ba su da kayan ceto ko na sisin kwabo. Ba rigar kariya, ba igiyar jefawa, ba wani abu mai yawo a kan ruwa da za a wurga wa wanda ya faɗa. Mutanen tudu suna zaton wanda ruwa ke ci yana ihu yana ɗaga hannu. Ba haka ba ne. Bakinsa yana nutsewa yana fitowa, numfashin da zai yi ihu da shi ma babu, kuma sau da yawa bai fi minti ɗaya yana wannan fafutukar ba kafin ya yi ƙasa. Ruwan kogin nan kuwa a watan Agusta jawur yake da laka, in mutum ya nutse taku ɗaya ba mai ganinsa. A cikin wannan minti ɗaya babu jami'in kashe gobara da zai iso daga Dutse ko Haɗeja. Abin da ke cikin jirgin a lokacin shi ne zai yi ceto, ko kuwa a koma neman gawa.

Idan babu abin jefawa, sai ɗan'uwa ya jefa kansa. A garinmu akwai gidan da aka fitar da gawa biyu rana ɗaya shekarun baya: ƙane ya faɗa, wan ya bi shi, washegari aka same su a ƙanƙame da juna. Wan ya iya ruwa sarai. Amma Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, kuma mai nutsewa idan ya kama wuyanka, ƙarfinsa ya fi na mutum biyu. Masana ceto a ko'ina abu ɗaya suke koyarwa: fara miƙa sanda, in bai kai ba ka jefa abin da zai riƙe, in bai yiwu ba ka je da jirgi, shiga ruwa da jiki shi ne na ƙarshe, kuma sai ga wanda aka horar. Mu a nan da na ƙarshen muke farawa, domin sauran ukun ba mu da su.

Kuka na biyu shi ne wanda ya fi damuna, domin ya shafe ni. Ba a san masu jiragen nan ba. Mai babur ɗin haya yana da lamba, mai Keke Napep yana da lamba da ƙungiya, amma jirgin da ke ɗaukar mutum ashirin a kan ruwa mai gudu ba shi da suna, ba shi da lamba, ba a rubuta shi a littafin kowa ba. Yawanci kuma mai tuƙin ba shi ne mai jirgin ba. Mai jirgi yana zaune a gari, wani ɗan kasuwa ne, wani ma'aikaci ne irina, wani gadonsa ya yi. Ya damƙa wa matashi jirgi a kan zai riƙa kawo balas kullum, abin da ya ragu nasa. To yaron nan da ya san sai ya cika balas kafin ya sami na cefane, kuma ya san damina wata uku ce ko huɗu, me zai hana shi ƙara mutum biyar a kan adadin da jirgi zai iya? In ya ce jirgi ya cika, fasinjan da ke tsoron kasuwa ta watse shi ne zai fara zaginsa. In katako ya tsage ya gaya wa mai jirgi, amsar da yakan samu ita ce a cusa tsumma a shafa kwalta, a lallaɓa zuwa kaka. Ranar da tsautsayi ya faɗa kuwa, matuƙin ake kamawa in ya tsira. Wanda ke karɓar kuɗin kullum da yamma ba ya cikin maganar.

Ban faɗi wannan don in ɓata sana'armu ba. Akwai masu jirage masu tsoron Allah da yawa. Bayan abin da na gani bara, ni da ƙannena muka zauna muka rage wa matuƙinmu balas, muka sayi igiya mai tsawo, muka ɗaure jarkoki huɗu a cikin jirgin, muka ja layi da jan fenti a jikinsa muka ce in ruwa ya taɓa layin nan kada a ƙara ko kaza. Abin da ya biyo baya shi ne ya sa na gane wannan magana ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Jirginmu yana tashi da mutum goma sha biyu, na kusa da mu yana tashi da ashirin, kuɗin fito kuwa ɗaya ne. Mai babur da mai buhu suka daina zuwa wurinmu domin sun san za a ce musu su jira sawu na gaba. Kafin ƙarshen damina matuƙinmu ya zo ya ce shi gaskiya zai koma wani jirgin. Muddin babu dokar da ta hau kan kowa, mai kiyayewa shi ne zai yi asara, mai ganganci ya ci riba.

Maƙwabtanmu na Kano sun ɗanɗana wannan. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgin da ya taso daga ƙauyen Badau zuwa Bagwai ya kife a ruwan madatsar Watari, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu yara 'yan Islamiyya da ke hanyar zuwa Mauludi. Lodi ne ya yi yawa. Gwamnatin Kano ta lokacin ta dakatar da zirga-zirgar jiragen haya a ruwan. A shekarar nan ta 2021, a watan Mayu, an yi na Wara a Jihar Kebbi. A watan Yunin 2023 aka yi na Patigi a Jihar Kwara, inda fiye da mutum 100 da ke dawowa daga biki cikin dare suka halaka. A nan gida ma, da wuya damina ta wuce ba a ji kwalekwale ya kife a ɗaya daga cikin ƙananan hukumominmu na bakin kogi ba. Kowane lokaci abin da ke biyo baya iri ɗaya ne: ta'aziyya, buhunan shinkafa, alkawarin bincike. Muna godiya da ta'aziyya, addini ne ya koyar da ita. Sai dai kuɗin shinkafar da ake kai wa gida ɗaya na mamaci zai sayi igiya da abin jefawa na mashigi guda.

Ina kuma roƙon kada a ce maganin abin shi ne hana fito. In aka hana jirgi a garin da ba shi da gada, ba a hana mutane hayewa ba, an dai mayar da su hayewa a ɓoye, da asuba ko bayan magariba, a mashigin da babu kowa. Mai naƙuda ba za ta jira ruwa ya janye ba, manomin da shinkafarsa ke tsallake ma haka.

Akwai sauran abubuwa da zan ambata a taƙaice. Ruwan kogin nan daga Kano yake zuwa, ta madatsar Tiga da ta Challawa, kuma yakan ƙaru dare ɗaya ba tare da an yi ruwan sama a wurinmu ba. Matuƙi ya kwana da sanin kogi iri ɗaya, ya wayi gari da wani. Kachala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, ta matse shi ya ƙara gudu a inda ya samu kafa, ta kuma ɓoye kututture. Mun ga aikin share ta da ake yi da injina, muna yabawa, muna fatan a ci gaba. Sannan ga abin da ke faruwa bayan an tsamo mutum. Na sha ganin an kifa wanda aka ciro a kan turmi ana danna masa ciki, ko a ɗaga yaro ta ƙafa ana jijjigawa wai ruwa ya fita. Niyya mai kyau ce, amma ɓata lokaci ne, har yakan sa abin da ke ciki ya koma hanyar numfashi. Wanda ya daina numfashi iska yake buƙata: a kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a hura masa iska a baki, a riƙa danna tsakiyar ƙirji sau 30 ana hura iska sau 2. In yana numfashi a kwantar da shi ta gefe, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a kai shi asibiti ko da ya ce ya warke. Wannan ilimin yini ɗaya ne, amma ban san matuƙi ko ɗaya a mashiginmu da aka taɓa koya wa ba.

Ranka ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

A yi wa kowane jirgin fito rajista a ƙaramar hukumarsa, da sunan mai shi da na matuƙinsa, ta hannun Sarkin Ruwa da mai unguwa, domin su ne suka san kowane jirgi da inda aka sassaƙa shi. A rubuta lamba a jikinsa da adadin mutanen da zai ɗauka, da boko da ajami, a ja masa layin lodi da fenti yadda ko yaro zai iya cewa jirgin nan ya cika. Kafin kowace damina a duba katakonsa. Amma don Allah kada rajistar ta zama wata sabuwar hanyar yankar tikiti. In ta zama haraji, masu jirage za su gudu daga gare ta, kuɗin kuma a kan fasinja zai ƙare. A yi ta kyauta, ko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

A kai wa Majalisar Dokokin Jiha ƙudirin da zai ɗora alhakin kayan ceto a wuyan mai jirgi. Ni mai jirgi ne kuma ni nake roƙon a ɗora mana. Wanda ke cin ribar jirgi shi ya kamata ya sa masa igiya mai yawo a kan ruwa ta kamar mita 20, da abin jefawa aƙalla biyu, da abin kwarfe ruwa, da usur na busawa, da tocila. In aka kama jirgi da lodi fiye da ƙima, a kira mai shi tare da matuƙin. Hukumar NIWA ta tarayya, mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, tana da dokar da ta wajabta sa rigar kariya ta kuma hana tafiyar dare, amma hedikwatarta tana Lakwaja, kuma ba za ta iya tsayawa a kowane mashigi na ƙauyukanmu ba. Dokar jiha da idon masu sarauta su ne za su kawo wannan doka bakin ruwa.

Game da rigunan kariya, a 2025 Ma'aikatar Harkokin Teku ta Tarayya ta fara rabon riguna 42,000 ga wasu jihohi masu ruwa. Muna roƙon Jigawa ta nemi nata kason, ta kuma ƙara da kuɗinta. Sai dai yadda za a raba ya fi yawan rigunan muhimmanci. Kada a miƙa wa ɗaiɗaikun mutane a wurin taro, domin rigar da ta shiga ɗaki ba za ta dawo bakin ruwa ba. A ajiye su a mashigi, a rumfa mai inuwa tunda rana tana cinye su, kowace da lambar mashigin a jiki, fasinja ya sa a wannan gaɓa ya cire a waccan. A sayo na yara da yawa, masu maɗaurin da ke bi ta tsakanin ƙafafu, domin rigar babba a jikin yaro zamewa take ta kansa da zarar ya faɗa. A samu mace a kowane babban mashigi da za ta taimaka wa mata su ɗaura a kan hijabi. Zani da hijabi in sun jiƙe nauyi suke, suna naɗe ƙafa da hannu, kuma yawancin 'yan'uwanmu mata ba a taɓa koya musu iyo ba.

Kafin rigunan su iso, akwai abin da za a fara gobe. Jarka mai lita 20, in babu komai a ciki kuma murfinta ya ɗauru, tana iya ɗaga nauyin kusan kilo 20 a cikin ruwa, mutum kuwa a ruwa ba ya buƙatar ko rabin haka kansa ya tsaya a sama. Tiyub ɗin mota da aka hura ma haka. Umarni ɗaya daga shugabannin ƙananan hukumomi ya isa a ce babu jirgin da zai tashi sai da jarkoki masu igiya a cikinsa. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mahaifina bai taɓa shiga ruwa mai zurfi ba sai da gorarsa, ya kifa ciki a kanta yana jan koma. Kakanninmu sun san ruwa ba a yi masa gadara. Mu ne muka ajiye gora ba mu ɗauki komai a madadinta ba.

A turo jami'an kashe gobara da ma'aikatan lafiya, tare da ƙungiyar agaji ta Red Cross, su horar da matuƙa da masunta a bakin ruwa, ba a ɗakin taro ba. A gwada musu a aikace abin da ake yi in mutum ya faɗa: mutum ɗaya ya kafa masa ido yana nuna shi da hannu kada ya ɗauke kai, kowa ya zauna kada a miƙe, a jefa jarka nan take, jirgi ya juyo ya tunkare shi daga ɓangaren da ruwa ke gangarawa. In jirgi mai inji ne a kashe injin kafin a matso, saboda farfela. Kada a jawo shi ta gefen kwalekwale, nan ne jirgi ke kifewa da kowa, a bar shi ya riƙe ƙarshen jirgin a ja shi zuwa gaɓa in ba nisa. Masuntanmu su ne ke nutso su ciro gawa duk lokacin da abu ya faru, ba tare da an ba su ko sabulu ba. A ɗauki biyu ko uku a kowane babban mashigi a riƙa ba su ɗan alawus na watannin damina, su tsaya da jirgin ceto a ranakun kasuwa da na biki da na Mauludi.

A nemi Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta riƙa sanar da jiha da wuri duk lokacin da ruwa zai ƙaru daga Tiga ko Challawa, a yaɗa a gidajen rediyon Dutse da Haɗeja, a kuma kira Sarakunan Ruwa a waya. A hana fito bayan magariba, amma kowane gari ya sami jirgi ɗaya mai fitila da riguna don mai naƙuda da mara lafiya. Masu jiragen da katakonsu ya ruɓe, a haɗa su ƙungiya-ƙungiya a ba su rancen jirgin faiba su riƙa biya bayan kaka. Inda kuma mutane suka fi hayewa, gada ce maganin dindindin, kuma ƙidayar mashigai da za a yi wajen rajista za ta nuna inda ya kamata a fara.

Ga iyayenmu sarakuna da malamanmu, akwai aikin da gwamnati ba za ta iya ba sai ku. Na san mutanenmu. Za a kawo riga wani ya ce shi ba ya sawa, abin da Allah Ya rubuta ba makawa, wani kuma ya ce gidansu an sha maganin ruwa. Ku ne za ku tuna mana a huɗuba da wurin karatu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah, kuma Alƙur'ani ya hana mu jefa kanmu cikin halaka. In liman ya sa riga a gaban jama'a ranar kasuwa, gardama ta ƙare. Mu malaman makaranta kuma mun ɗauki namu: a ajina na fara koya wa yara kada su bi ɗan'uwansu cikin ruwa, su nemi sanda ko jarka su yi kururuwa.

Mai Girma Gwamna, ina roƙon ka turo wakili ya zo kowane mashigi da ya zaɓa a tsakanin Ringim da Guri, ranar kasuwa, ba tare da sanarwa ba, ya shiga jirgi ya haye ya dawo, ya auna da yatsunsa abin da ya rage tsakanin katako da ruwa. Muna so a fara rajistar da rabon igiya da jarka kafin ruwa ya cika a watan Agusta. Ranar da aka buɗe littafin, jirgin gidanmu ne zai fara shiga layi.

Allah Ya taimake ka, Ya kare mana jiharmu. Wassalamu alaikum.

Naka,
Malamin firamare kuma mai jirgin fito,
daga bakin kogin Haɗeja, Jihar Jigawa.